Komai Nisan Jifa

Kalmomi kaɗan ne Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar yadda ya ɗora wa kalmar nauyi. Buhun shinkafa yana da nauyi, haka ma bakin wanda ba ya son magana. Magidanci yana ɗauke da nauyin iyalinsa, suruki yana jin nauyin surukinsa, wanda aka ba amana kuwa barci ba ya yi masa daɗi sai ya sauke nauyin da ke kansa. Saboda haka duk malamin da ya tsaya gaban 'ya'yan Hausawa ya ce yau zai koya musu halin da mutum ke shiga ya daina jin nauyi, to ya shirya wa dariya, domin a wurinsu wanda ba ya jin nauyi shi ne yaron da bai sami tarbiyya ba. Shekara da shekaru ke nan ina koyar da Fiziks a wata makarantar sakandare ta maza a yankin noman rani na Kura da Bunkure, kuma babu shekarar da wannan dariya ba ta tarye ni a bakin wannan darasi ba.

A Kumbotso nake zaune. Kullum da sassafe nakan bi hanyar Zariya, in haye gadar Tamburawa, in shiga ƙasar da ba ta san bambancin rani da damina ba. A watan Fabrairu, lokacin da sauran ƙasar Kano ta yi furu-furu da ƙura, nan kore ne shar iya ganin ido: alkama, tumatir, albasa, masara, sai kuma shinkafar da ta sa sunan Kura ya zagaye ƙasar nan. Asirin wannan kore yana Tiga, madatsar ruwan da aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke biyo babban kanal, ya rabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa bakin gonar mutum, kuma duk tsawon wannan tafiya babu injin da ke tura shi. Masu aikin sun auna ƙasa ne, suka ba kanal ɗin ɗan gangare wanda ido ba ya ko lura da shi, suka bar wa jan ƙasa sauran aikin. Wasu kan kira wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa bai bar ruwa ba, bai bar auduga ba, bai bar mutum ba. Ɗalibaina 'ya'yan wannan ƙarfi ne. Da shi ake shayar da gonakin iyayensu, kuma shi ne suke ji a wuyansu idan suka ɗauki kwandon tumatir zuwa bakin titi. Sun san shi da ƙashin bayansu tun kafin su ji sunansa da Turanci.

Littafin karatu kuwa layi uku ya ba batun rashin nauyi. Yaro ya haddace su, ya zuba wa masu jarrabawar WAEC, ya fito ya manta. Abin da ke saura a kansa shi ne hoton da ya gani a waya, na 'yan sama-jannati suna shawagi cikin kumbo kamar gashin kaza a iska, tare da bayanin da kowa ke bayarwa, wai can sama babu jan ƙasa. Wannan bayani ba gaskiya ba ne, kuma illarsa ta wuce ta kuskuren lissafi. Yana koya wa yaro cewa duniya biyu ce: akwai ta sama, mai dokokinta na daban, wadda Turawa da Sinawa ke zuwa, akwai kuma tamu ta taɓo da kwando. Yaron da ya yarda da haka ya riga ya cire kansa daga kimiyya ba tare da kowa ya kore shi ba.

Ni kaina sau ɗaya na taɓa ɗanɗana rashin nauyi a cikin jirgin sama, kuma ba da shiri ba. Wata damina aka tura mu taron ƙara wa juna sani na malaman kimiyya a Legas. Mun yi nisa da tashi daga Kano, an raba shayi, sai matuƙi ya ce kowa ya ɗaura ɗamarar kujerarsa domin akwai hadari a gabanmu. Jirgi ya yi ta jijjiga kamar mota a kan hanyar burji. Can sai jijjigar ta ɗauke, kujera ta sake ni. Na ji 'yan hanjina sun taso, ƙafafuna sun rabu da daɓe, biron da na ajiye a gabana ya tashi ya tsaya daidai hancina yana juyawa a hankali. Shayin maƙwabcina ya fito daga kofi a dunƙule, ya tsaya a sarari yana rawa. Jirgi ya ɗauki salati. Kafin a kai ƙarshensa kujera ta dawo ta tare ni da ƙarfi, biro ya faɗi, shayi ya wanke wa bawan Allah riga. Duka abin bai wuce daƙiƙa biyu ba.

Da hankali ya kwanta, sauran fasinjoji suna ta mayar da magana, ni kuwa ina ta bin abin da jikina ya shaida mini. Jan ƙasa bai je ko'ina ba, hasali ma shi ne ya yi aikin. Iska mai gangarowa ce ta danna jirgin ƙasa da saurin da ya yi daidai da na faɗuwa, sai ni da kujera da biro da shayi muka shiga faɗuwa tare, babu mai tare wani. Abin da muke kira jin nauyi, turin da abin da ke ƙarƙashinmu yake yi mana ne: kujera, daɓe, ƙasa. Idan abin da ke riƙe da kai ya bi ka kuka faɗi tare, nauyi ya ɓace maka, alhali ƙasa tana nan tana janka kamar kullum. Wannan tunani ne ya zo wa Albert Einstein a 1907 yana zaune a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, cewa mutumin da ke cikin faɗuwa ba ya jin nauyin kansa, kuma daga nan ya kama zaren da ya kai shi ga babbar nazariyyarsa ta 1915.

Abin da ya same mu bisa tsautsayi, akwai masu yin sa da gangan. A Amurka akwai wani jirgi ƙirar Boeing 727 da aka cire wa mafi yawan kujeru aka lulluɓe cikinsa da katifu. Yakan ɗaga hanci ya hau da ƙarfi, har na ciki su ji nauyinsu ya kusa ninkawa, sannan matuƙa su rage wuta su bar shi ya bi irin lanƙwasar da dutse ke bi idan an jefa shi. A tsawon wannan lanƙwasa, daƙiƙa 20 zuwa 30, duk na ciki shawagi suke yi. A irin wannan jirgi ne Stella Felix, ɗaliba 'yar shekara 17 daga makarantar Moremi da ke Ile-Ife, ta tashi daga cibiyar Kennedy a jihar Fulorida a watan Satumba na 2006, ta zama ta farko daga Nijeriya da ta yi wannan tafiya. Shekara ashirin da ɗaya kafin ita, Amurkawa sun zaɓi wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, daga cikin malamai fiye da 11,000, domin ta je sararin samaniya ta koyar da darasi daga can. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, ita da abokan tafiyarta shida suka rasu, yara 'yan makaranta suna kallo a talabijin. Sai a 2007 wadda aka ajiye a matsayin madadinta, Barbara Morgan, ta samu zuwa. Abin da ya tsaya mini a labarinsu shi ne dalilin da ya sa aka nemi malami tun farko. Matuƙi zai je ya dawo da rahoto, masani ya dawo da alƙaluma, malami kuwa duk abin da ya gani bashi ne a kansa har sai ya kai shi aji. Rabona daƙiƙa biyu ne, amma bashin iri ɗaya ne.

Da na dawo na ba 'yan aji biyar labari. Suka saurara da daɗi, suka yi dariyar mai shayi, wani ya tambaye ni ko na yi kuka. Labari dai ya tsaya a labari. A idonsu na zama ɗaya daga cikin masu hawa jirgi, abin da ya same ni kuma na can ne. Gani ya kori ji, in ji masu magana, don haka mako na gaba na shigo da robar ruwa da ƙusa. Makarantarmu tana da bene guda, daga barandarsa zuwa ƙasa kimanin mita biyar. Abin da aka sako daga mita biyar daƙiƙa ɗaya yake yi kafin ya taɓa ƙasa, domin jan ƙasa yana ƙara wa mai faɗuwa gudun mita 9.8 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya ta rashin nauyi ke nan, kyauta, ba biza, ba kuɗin jirgi.

Muka huda robar ta kusa da gindi, muka cika ta, muka bar bakinta a buɗe. Ruwa ya yi ta tsartuwa ta hudar. Na tambaye su abin da zai faru idan aka sake ta. Mafi yawa suka ce tsartuwar za ta ƙaru, wasu suka ce ruwan zai fita ta baki. Wani yaro ya hau ya sake ta, wani ya ɗauka da wayar da muka aro, muka mayar da hoton a hankali. Da barin robar hannu, tsartuwar ta ɗauke ɗif, ba ta sake fitowa ba sai da roba ta daki ƙasa. Aji ya yi tsit. Suka ce a sake. Aka sake har sau bakwai, kowane ɓangare yana zargin ɗan'uwansa da toshe huda da yatsa. Ruwan da ke cikin roba yana fita ne saboda na sama yana danne na ƙasa, to idan duka suna faɗuwa tare da robar, wa zai danne wa? Bayan haka muka rataya dutse a sikelin hannu irin na masu auna kaya, aka sako su tare, allurar ta koma kan sifili suna cikin iska. A ƙarshe kowa ya ɗora rabin bulo a tafin hannunsa ya diro daga kan benci, ya ji da fatarsa yadda bulon ya sake shi na ƙiftawar ido.

A nan ne wani yaro da ke zama a layin baya, wanda ya fi kowa yawan fashi a lokacin kakar tumatir, ya ɗaga hannu.

"Malam, ashe ni ma na sha yi."

Na ce ya faɗa mana. Ya ce idan ya ɗauko kwando daga cikin gona, akwai wata 'yar magudana da yake tsallakewa kafin ya kai bakin hanya. Duk sanda ya yi tsalle, yana cikin iska sai ya ji kamar an ɗauke masa kwandon daga kan gammo, yana dira kuma sai ya ji ya dawo masa a wuya ninki biyu. Ya ce ya ɗauka wuyansa ne ke masa wasa. Na ce masa abin da ya ji a kan magudanar nan shi ne abin da Stella Felix ta je Fulorida ta ji, shi ne kuma abin da 'yan sama-jannati ke ji, bambancin kawai tsawon lokaci. Bai ce komai ba. Ya zauna yana shafa wuyansa.

Wani kuma, mai son gardama, ya kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Ya ce, "Malam, ka ce na cikin kumbo faɗuwa suke yi. To ai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Su me ya hana su isowa?" Karin maganar gaskiya ce, kuma Isaac Newton ya yi tunani a kanta ta wata fuska fiye da shekara 300 da suka wuce. Ya ce a ɗauka mutum yana kan dogon dutse yana jifa a miƙe. Duk sanda ya ƙara ƙarfi, jifan zai ƙara nisa kafin ya sauka. To amma duniya dunƙulalliya ce, bayanta yana lanƙwasawa. A kowace kilomita takwas, ƙasa tana zamewa ƙasa da kimanin mita biyar, wato daidai tsayin barandarmu. Idan jifa ya kai gudun kilomita takwas a daƙiƙa, to a cikin daƙiƙar da ya faɗo mita biyar, ita ma ƙasar ta zame masa da mita biyar. Yana ta faɗuwa, ƙasa tana ta kauce masa, har ya zagayo. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa haka take: tana nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, inda jan ƙasa yake da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa a nan, tana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya a minti 90. Haka ma NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko da ƙasarmu ta mallaka, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003. Ƙarfin da ke gangaro da ruwan Tiga zuwa Kadawa shi ne ya riƙe su a kan hanyarsu. Mai gardama ya yi shiru, can ya ce ashe karin maganar ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai faɗi ranar saukar ba. Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba.

To sai dai aji ba shi ne duniya ba. Bayan makonni kaɗan yaron nan mai kwando ya daina zuwa gaba ɗaya. Na bi sawu har gonarsu, can wajen Bunkure, na tarar da mahaifinsa yana ban ruwa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ba raina karatu na yi ba. Yayansa ya gama sakandare, ga shi can yana achaɓa. Wannan kuwa ya dawo yana ba ni labarin roba mai huda. Ni taki nake nema, da wanda zai tsaya mini a Kwanar Gafan kada dillalai su cuce ni. Labarin sama ba ya cika buhu." Ba ni da bakin musa masa. Tumatir ba ya jiran a tashi daga makaranta, farashinsa kan faɗi tsakanin safe da yamma, kuma ba zan iya yi masa alkawarin aiki a bayan takarda ba. Abin da na roƙa kawai shi ne ya bar yaron ya kawo masa wani ɗan gwaji gida, ya gani da idonsa.

Gwajin na kwalba ne da auduga da ƙwayar masara. Yaro ya jiƙa auduga ya cusa a kwalba, ya jera ƙwayoyi a jikin gilashi, wata kai sama, wata kai ƙasa, wata a kwance. Bayan kwana huɗu duk saiwoyin suka nufi ƙasa. Sai ya kwantar da kwalbar. Kafin kwana biyu kowace saiwa ta lanƙwasa ta sake neman ƙasa. A bakin kowace saiwa akwai wasu ƙwayoyin sitaci ƙanana waɗanda ke kwantawa ta ɓangaren da ƙasa ke ja, su ne ke nuna mata hanya. Da na koma, dattijon ya ce wannan ai ya sani tun yana yaro, ko yaya ka jefa iri, saiwa ba ta ɓatan kai. Ya ɗan yi shiru yana juya kwalbar a hannunsa, sannan ya ce, "To Malam, can inda kuka ce komai faɗuwa yake yi, in an shuka iri, ina saiwar za ta dosa?"

Na ce, "Baba, wannan tambayar taka ita ce manyan masana suka kashe dukiya mai yawa suna nema wa amsa." Na gaya masa cewa a can saiwa takan yi ta lalube, sai haske da danshi su zame mata jagora. Na gaya masa kuma a 2022 Sinawa sun shuka shinkafa a tasharsu ta sararin samaniya, ta tsiro, ta yi fure, ta ba da iri cikin kwana 120, aka dawo da irin duniya. Da ya ji an ambaci shinkafa sai ya gyara tsayuwa. Ya tambayi yadda suka yi ban ruwa a wurin da ruwa ba ya gangara, tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini a aji. Muka daɗe a bakin magudana muna magana. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Abin da aka tsayar shi ne yaro zai riƙa zuwa kwana huɗu a mako har kaka ta wuce, Asabar da Lahadi da ranar kasuwa kuma na gona ne. Da haka ya kai ga zana jarrabawarsa.

'Yan sama-jannatin da suka daɗe a tashar nan ƙashinsu yakan zube da kimanin kashi ɗaya cikin 100 a kowane wata, sai sun yi motsa jiki na kusan awa biyu kullum, sun ɗaure kansu da igiyoyin roba domin su ƙirƙiri nauyin da suka baro. Idan sun sauko, ɗaukarsu ake yi daga cikin kumbo. Nakan gaya wa ɗalibaina wannan, domin da yawansu burinsu shi ne ranar da za su rabu da kwando da taɓo su huta. Ina yi musu fatan sauƙi, amma ina so su san cewa jiki da nauyi aka gina shi, kuma duk wanda ke jin nauyi, akwai abin da ke riƙe da shi. Wanda bai ji komai a kansa ba, ya duba da kyau, wataƙila faɗuwa yake yi.

Ba na sa ran wani daga cikinsu zai hau kumbo, kodayake ban haramta musu ba. Abin da nake nema ya fi wannan kusa. Yankinmu yana buƙatar wanda zai iya auna gangaren kanal idan yashi ya cike shi, wanda zai gane dalilin da ya sa gonar da aka cika wa ruwa take yin gishiri, wanda idan mai sayar da taki ko maganin feshi ya faɗa masa magana zai ce bari in gwada a kunya biyu in gani. Irin wannan mutum yana farawa ne daga ranar da yaro ya gane cewa abin da ke cikin littafi ana iya gwada shi da roba da ƙusa, kuma abin da wuyansa ya gaya masa a kan magudana ilimi ne mai suna da lissafi. Bana 'yan aji biyar sun ce barandar ta yi musu kaɗan. Sun yi lissafi da kansu sun gano cewa in ana son daƙiƙa biyu, mita goma ba ta isa ba, sai an sami mita ashirin, kuma tun makon jiya suke ta gardamar inda za a sami irin wannan tsayi tsakanin Kura da Bunkure.